Wa Ya Ce Kirista Ba Ruwansa da Tsoron Allah?

Yau wata magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗin ji ba ce. In ta taɓa ka, ka yi haƙuri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Lokacin cirar albasa da ya wuce, ina zaune bakin hanya a wata kasuwar albasa tsakanin Malbaza da Galmi. Wani baƙo ya zo da babbar mota, zai kai kaya Gana. Ya sayi buhu 10 wurin wani mutum, ya biya kuɗi. An loda 9. Ana ɗaga na goma sai ya fashe. A sama albasa manya, jajaye, masu sheƙi, irin wadda ta kai sunan Galmi har bakin teku. A tsakiya kuwa ƙanana da ruɓaɓɓu. Baƙon ya dubi mai kayan, ya ce: "Malam, ka ji tsoron Allah." Mai kayan ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Direba yana ta matsa oda. Baƙon ya kaɗa kai, ya hau mota.

Mai kayan nan na san shi. Tare muke sujada ran Lahadi. Da mutane suka watse, na ja shi gefe na yi masa magana. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce: "Haba, ai mu 'ya'yan alheri ne. Yesu ya riga ya biya. Tsoro na waɗanda ba su san Allah Uba ba ne."

Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Ina jin wannan magana a bakin samarin da suka dawo daga ci-rani. Ina jin ta a cikin wa'azin da ake turawa ta salula. Ni kuwa na ce ƙarya ce, kuma ƙarya mai kisa. Bari in faɗa maka dalili.

Da farko mu san abin da muke magana a kai. Kalmar tsoro guda ce a bakinmu, amma abu biyu take ɗauke da su. Akwai tsoron maciji. Ka gan shi a kunya, ka yar da hauya, ka ruga. Wannan tsoro nisanta ka yake yi da abin da kake tsoro. To, in Bahaushe ya ce wane mai tsoron Allah ne, me yake nufi? Yana nufin mutumin yana makyarkyata? A'a. Yana nufin za ka iya ba shi ajiya, ka tafi Legas ko Abijan, ka shekara biyu, ka dawo ka tarar da kayanka cif. Yana nufin za ka iya barin marayan ɗan'uwanka a hannunsa. Yana nufin abin da zai yi da rana a tsakiyar kasuwa, shi zai yi da dare a cikin rumbu. Kowa a ƙasar Konni ya san wannan. Musulmi ya sani, azne ya sani. Ashe Kirista ne kaɗai za a koya wa?

Mutanen da sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Tsoron Allah ya haɗa biyun. Akwai tsoro a ciki, domin shi ne ya yi ka, ranka yana hannunsa, kuma za ka tsaya gabansa. Akwai kunya a ciki, domin Ubanka ne, yana ƙaunarka, kuma yana ganinka. Ɗa na kirki ba ya gudun tsohonsa. Tare suke cin tuwo. Amma ba ya zagin mutane a gabansa, ba ya kuma kawo kayan sata zaurensa.

Masu cewa tsoro ya ƙare suna da ayar da suke riƙewa. Tana cikin wasiƙar Yahaya ta fari, sura 4, inda aka yi maganar ƙauna da tsoro. To, ai yanzu ka iya karatu. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Ba sai wani ya karanta maka ba. Buɗe ka duba da idonka. Tsoron da ake magana a wurin shi ne fargabar mai laifi da ke jiran hukunci. Gaskiya ne, Almasihu ya ɗauke mana wannan. Amma kada ka rufe littafin tukuna. Juya zuwa Ayyukan Manzanni, sura 5.

A can za ka ga Hananiya da matarsa Safiratu. Sun sayar da gona. Suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo saura gaban manzanni kamar shi ke nan duka. Bitrus ya nuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa. Laifinsa ƙarya ce, kuma Allah ya yi wa ita. Nan take ya faɗi matacce. Bayan sa'a uku matar ta shigo, ta maimaita ƙaryar, ita ma ta faɗi. Tsoro ya kama ikilisiya duka. Yanzu tambaya: yaushe wannan ya faru? Zamanin Musa? A'a. Bayan gicciye ne, bayan tashin Yesu daga matattu, a cikin ikilisiya ta farko. Su ma 'ya'yan alheri ne.

Ka ɗauka mutum ya faɗa rijiya mai gaba 20. Maƙwabcinsa ya ɗaura igiya ya shiga, ya turo shi waje, rijiyar ta rufta da mai ceton. Kashegari sai ka ga wanda aka ceta yana tsalle-tsalle a bakin wata rijiya, yana cewa ai an riga an cece ni. Me za ka kira shi? Butulu ne, ko mahaukaci. Wanda ya san abin da gafararsa ta ci, shi ya fi kowa taka-tsantsan.

Mu mutanen nan bai kamata a yi mana dogon bayani a kan rashin tsoron Allah ba. Ƙasarmu ta ɗanɗana shi. A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanuwan, waɗanda a takardun Faransa ake rubutawa Voulet da Chanoine, suka biyo ta nan da runduna za su tafkin Cadi. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Konni. Suka kashe jama'a masu yawan gaske, maza da mata da yara, suka ƙone gari. Mutanen nan daga ƙasar da kowane gari ke da majami'arsa suka fito. Sun yi karatu mai zurfi. Amma da suka ga sun yi nisa da gida, suka ɗauka ba mai ganinsu. Labarin ta'asarsu ya kai Faransa, aka aiko Kanar Kulob ya tsayar da su. Bai sha wuyar gane sawunsu ba, ƙonannun garuruwa da gawarwaki ya riƙa bi. Ran 14 ga Yuli, a Dankori, Bule ya sa aka harbe shi. Kafin kwana huɗu sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyu. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa.

Za ka ce, ni ina ruwana da wannan, ni ban kashe kowa ba. Haka ne. Amma tushen guda ne. Bule ya ce a ransa, nan daji ne, ba mai gani. Mai albasa ya ce a ransa, tsakiyar buhu ne, ba mai gani. Ɗaya yana da bindiga, ɗaya yana da basilla da igiya. Ƙarfinsu ne ya bambanta.

Yanzu mu dawo gida, mu duba tiya. Akwai mai bi da ke da tiya biyu. Ta saye mai faɗi, ta sayarwa an bubbuga gindinta. Annabi Amos, a sura 8, ya yi faɗa da irin waɗannan 'yan kasuwa. Suna zaune ranar hutu, amma hankalinsu yana kan awo. Sun ƙosa ranar ta wuce su rage mudu, su haɗa hatsi da ƙaiƙayi su sayar wa talaka. Karanta ka gani in ba ka ce a kasuwarku annabin ya zauna ba.

Sai bashin damina. Wannan shi ya fi ci mini rai. Watan Agusta ya yi, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Gwauruwa ta zo ƙofarka da ƙwarya. Ka ba ta tiya 5, da sharaɗin in kaka ta yi ta kawo 10. Wani ma gonar yake karɓa jingina, shekara ta zagayo, gona ta zama tasa. Kuma ran Lahadi ya zauna layin gaba, ya fi kowa ɗaga murya. Ka karanta Nehemiya, sura 5. Yunwa ta faɗo wa Yahudawa. Masu hali suka karɓe gonakin 'yan'uwansu, har 'ya'yansu suka zama bayi saboda bashi. Nehemiya gwamna ne. Ya tara manyan, ya tsawata musu a gaban jama'a, ya sa suka mayar da gonaki. Shi kansa shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da ake tara wa gwamna ba, ko da yake hakkinsa ne. Ya faɗi dalilinsa da bakinsa, tsoron Allah ne ya hana shi.

Tsofaffinmu suna tune da yunwar 1973 da 1974. Ƙasashen duniya suka aiko hatsin taimako. Wani ya kai ga mayunwata, wani ya maƙale a hannun manya. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya hau, maganar hatsin nan tana cikin dalilan da suka bayar. Mukan ba da wannan labari muna tsaki. To, mu fa? In taimako ya biyo ta hannun ikilisiya, wa ake fara rubutawa? Na taɓa ganin takardar rabo a wani ƙauye. Sunaye 6 na farko duk gida ɗaya ne, gidan mai riƙe da alƙalami. Makauniyar da ke bayan majami'a ba ta ciki.

A nan ina so in yi magana da kai musamman, kai da ka fito ajin yaƙi da jahilci. Karatun nan da ka samu ƙarfi ne, kuma jaraba ce. Da can kai ake karanta wa, yanzu kai ke karanta wa wasu. Za a ba ka littafin ƙungiyar manoma. Za a ba ka lissafin baiko. Matar maƙwabcinka za ta kawo maka salula ta ce, duba mini nawa maigida ya turo. Ita ba ta san bambancin 20 da 30 a rubuce ba. In ka ce jikka 20 alhali 30 ne, ba za ta gane ba. Mai gari ba ya nan. Fasto ba ya nan. A wannan lokaci abu ɗaya ne ya rage tsakaninka da kuɗinta. In ka yarda da masu cewa tsoro ya ƙare, to ba abin da ya rage.

Akwai kuma wani abin mamaki. Mutanen nan da ke cewa ba sa tsoron Allah, sun fi kowa tsoro. Suna tsoron maye. Suna tsoron sammu. Suna tsoron bakin mutane. Ɗaga rigar wani ka ga laya a damtse. Yaro ya yi zazzaɓi, sai a bi dare a tafi gidan boka, a bar asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Mutumin Masalata da ke bin al'adar kakanninsa da rana tsaka, kowa ya san inda ya tsaya. Kai fa, da ke da fuskar Lahadi da fuskar dare? Zuciyar mutum ba ta zama ba tsoro. In ka fitar da babban, ƙanana ne za su cika ɗakin.

'Yar'uwa, ke ma da ke nake. Na san ba ke ce kika nemi layar da ke wuyan jaririnki ba. Uwar miji ce ta ɗaura, ke kuma kina jin nauyinta. Girmama ta wajibi ne, kada ki ɗaga mata murya. Amma ki karanta Fitowa, sura 1. Fir'auna, sarkin Masar, ya kira ungozoma biyu, Shifra da Fu'a. Ya umarce su su kashe duk ɗa namiji da matan Ibraniyawa suka haifa. Mata biyu ne talakawa, ba su da soja, ba su da dangi a fada. Suka ƙi. Littafin ya ce tsoron Allah ne ya sa. Ki lura, tsoron nan bai mai da su matsorata ba. Shi ya ba su ƙarfin tsayawa gaban sarki. Yesu ma, a Matiyu sura 10, ya koya wa almajiransa haka. Mutum iyakarsa jiki. Wanda ke da iko da jiki da rai duka, shi ya cancanci a ji tsoronsa.

Mun ga wannan a ƙasarmu. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, aka yi tarzoma a Damagaram da Yamai. Aka ƙone majami'u da yawa, aka rasa rayuka. Kiristocin Nijar ba su zana kome ba, amma a kansu abin ya faɗa. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji a ƙasar Illela, ya fito ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba. Akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Waɗannan masu tsoron Allah ne, kuma ba za mu manta ba. Shugabannin ikilisiya kuma suka ce an gafarta, ba ramuwa. Masu bi suka koma sujada a cikin toka. Ka ce mini, me ya riƙe hannun saurayin da aka ƙone wa majami'a, in ba sanin cewa sakayya ta Allah ce?

Mu kaɗan ne. A ƙidayar 2012, Kirista a Nijar ba su kai 1 cikin 100 ba. A ƙauyuka da yawa na Konni da Malbaza da Illela, gida ɗaya ne ko biyu. Maƙwabcinka ba zai karanta Linjila ba. Kai yake karantawa. Tun 1950 da Dokta Burt Long da mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin Galmi, mutane ke zuwa daga nesa, har daga hayin iyaka, ana duba su ba a tambayi addininsu ba. Fiye da shekara 70 ke nan ana gina suna. Dalilin da ya sa wani tsoho zai ce maka mutanen nan ba sa cin amana ke nan. Ba kai ka gina sunan ba, gado ka tarar. Baƙon nan da ya tafi Gana da ruɓaɓɓiyar albasa, in ya ji cewa mai kayan Kirista ne, me zai faɗa a garinsu?

Na san abin da za ka ce. Kowa haka yake yi. Dillali yana cutata, mai saye yana zuwa da ƙaton buhu, taki ya yi tsada, man injin ban-ruwa ya yi tsada. In na cika buhu da mai kyau zalla, hasara zan yi. Ba zan yi maka ƙarya ba, mai yiwuwa ne ka yi hasara. Ba na cikin masu wa'azin cewa duk mai tsoron Allah zai sayi mota. Yusufu ya ƙi matar maigidansa don kada ya yi wa Allah zunubi, kuma ladan da ya fara samu kurkuku ne. Ya daɗe a ciki. Amma akwai hanya mai sauƙi da ba ta bukatar ƙarya. Ware manya, ware ƙanana, zubar da ruɓaɓɓu. Kowane buhu da kuɗinsa. In dillalai suna cutarku, ku haɗa kai ku manoma ku tsaya a kan buhu guda da farashi guda. Cutar da aka yi maka ba ta ba ka izinin cutar wani ba, balle baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Fastoci da dattawan ikilisiya, kada ku ce na tsallake ku. Yaushe rabon da a yi wa'azi a kan tiya? Yaushe rabon da a kira mai ba da bashi da ruwa a zaunar da shi? Kun san su. Amma shi ya sayi kwanon rufin majami'a, shi ke kawo babban baiko, sai a yi shiru. Yarinya ta yi cikin shege, ran nan za a sa ta ƙarƙashin horo a gaban kowa. Attajiri ya cinye gonar marayu, sai a ce a yi masa addu'a. Wannan tsoron mutum ne, ko da an sa masa rigar haƙuri. Yaranmu suna kallo, kuma ba wawaye ba ne.

In kana karanta wannan zuciyarka tana bugawa, kada ka yar da takardar. Alama ce mai kyau. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, a Luka sura 23, da maganar tsoron Allah ya fara. Ya tsawata wa ɗan'uwansa, ya amsa laifinsa, sa'an nan ya roƙi Yesu, kuma aka karɓe shi a ranar. Zakka mai karɓar haraji, a sura 19, da Yesu ya shiga gidansa bai ce an riga an biya ba. Ya tashi tsaye ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ya san sunayensu. Kai ma ka san naka. Ka san gonar, ka san tiyar, ka san matar da ka karanta wa 20.

Mai albasar nan na koma gidansa bayan sati biyu. Muka zauna a zaure, muka karanta labarin Zakka tare, shi da kansa ya karanta, yana bi da yatsa. Na tambaye shi ko yana da lambar baƙon. Ya ce tana wurin dillali. Na ce to karɓo, mu lissafa abin da ya ruɓe a buhu 10, ka kira shi. Ya yi shiru, ya ce kuɗin ya riga ya shiga taki. Na ce baƙon zai dawo baɗi, ka gaya masa tun yanzu cewa yana binka. Ya ce zai yi tunani. Ran Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan sake tambayarsa.